Yadda Direban Babbar Mota Zai Yi Aiki da Taswirar Waya Ba Tare da Ta Kai Shi Ta Baro Ba

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, daga direbobi, daga yaran mota, har da masu motocin da ke zaune gida suna jiran kira: wace manhajar taswira ce ta dace da tirela, kuma yaya ake saita ta? Na sha amsawa a tsaitsaye a bakin tasha a Jega, kowa ya tafi da guntun bayani, shi ya sa na ga gara in zauna in jero abin daki-daki. Na yi shekaru ina ja tsakanin Kebbi da kudu, albasar Aliero, shinkafa, wani lokaci shanu, yanzu kuma ina lura da 'yan motocin maigidana.

Kafin komai ka riƙe wannan a ranka: wayarka ba ta san tirela kake ja ba. A wurinta kai da mai Golf duk ɗaya kuke. Ba ta san ruwa ya cinye kwalbati jiya ba, balle ta san an tare hanya da safiyar yau. Don haka kai ne za ka shata mata hanya tun kana tasha, ita kuma ta riƙa nuna maka inda kake a kan hanyar da ka shata. Duk matakan da ke ƙasa a kan haka aka gina su.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Ba sai ka sayi sabuwar waya ba. Android mai RAM giga 3 ko 4, da sararin da bai gaza giga 3 ba a cikinta, ta isa. Tecno, Infinix, Samsung, Redmi, duk suna yi. Ka dai duba allon yana da faɗi da hasken da za ka gani da rana tsaka, batirin kuma bai kumbura ba. In da hali, ware waya guda don taswira kaɗai. Sau da yawa sai kana tunkarar mararraba mai kaya zai kira, kiran ya rufe allon, kafin ka katse ka wuce kwanar.

Sai maƙalin waya, da caja, da fawa bank. Maƙalin da ake mannawa a gilashi yakan saki in zafi da girgizar hanya suka haɗu masa. Wanda ake ɗaurewa da noti a dashbod ya fi zama, ko da sai ka je wurin mai walda ya gyara maka shi.

Hattara da caja: DAF, MAN, Iveco da Howo wutarsu volt 24 ce, ƙananan motoci kuwa 12. Karanta jikin cajar, in ba a rubuta tana ɗaukar 12 zuwa 24 ba, mayar wa mai shago kayansa. Cajar ƙaramar mota a tirela takan ƙone, wani lokaci ta tafi da wayar.

Hattara da rana kuma. Daga Maris zuwa Mayu, wayar da ke jikin gilashi tana caji tana nuna hanya za ta yi zafin da za ta rage haskenta ta daina karɓar caji. Cire mata riga, ka kafa maƙalin inda rana ba ta dukanta kai tsaye.

Batun kuɗi, lissafa shi da gas. Tirela da lodi lita ɗaya ba ta wuce kilomita biyu zuwa uku. Ka ɓata kilomita 30 ka dawo, ka ƙona lita 20 zuwa 30 kenan. Maƙali da caja mai kyau ba su kai kuɗin wannan ba.

Mataki na 2: Zaɓi manhaja, kuma guda biyu za ka ɗauka

A nan ake yawan musu, to ga yadda nake kallon kowace.

Google Maps ita ce ta fi sanin sunayen wurare a ƙasar nan: gidajen mai, kasuwanni, kamfanonin casar shinkafa, sito-sito. Tana nuna cunkoso in da data, ana iya sauke taswirarta, kuma kyauta ce. Illarta babba ce, ba ta da wurin da za ka gaya mata tsawo ko nauyin motarka. Hanyar ƙaramar mota take ba ka, har da lungun da Keke Napep ke bi da ƙyar.

OsmAnd tana aiki da taswirar OpenStreetMap, wadda jama'a ke zanawa da kansu. Tana aiki sarai ba tare da data ba, tana da tsarin babbar mota inda za ka shigar da tsayi, faɗi, tsawo da nauyi, tana kuma iya guje wa hanyar da ba kwalta. Saitinta yana da ɗan wahala ranar farko, kuma sunayen shaguna da kamfanoni ba su kai na Google yawa ba. Ta kyauta tana da iyakar adadin taswirar da za ka sauke, don haka kada ka ɓarnatar da rabonka a kan ƙasashen da ba ka zuwa.

Waze a bar wa masu ƙananan motoci a Legas da Abuja. Ba ta yi sai da data, kuma sana'arta neman yanke, abin da ba ma so kenan. HERE WeGo da Organic Maps suna da kyau wajen aiki ba data, in wayarka ba ta ɗauki OsmAnd ba.

Akwai kuma na kuɗi da aka yi musamman don manyan motoci, irin su Sygic Truck. A Turai suna da amfani ƙwarai, domin can kusan kowace gada an rubuta tsayinta da nauyin da take ɗauka a cikin taswira. Manhaja ba ta iya kauce wa gadar da ba a gaya mata ƙarfinta ba, gadojinmu da kwalbatocinmu kuwa kaɗan ne aka rubuta. Shi ya sa ban ga dalilin da direban da ke jan Kebbi zuwa Legas zai fara da biyan kuɗin shekara da kati ba. In zuciyarka ta kwanta da ita, fara gwadawa a hanyar da ka haddace, ka ga ko ta san abin da ka sani, kafin ka cire ko sisi.

Shawarata: Google Maps a gaba, OsmAnd a matsayin safaya. In suka ba ka hanya iri ɗaya, madalla. In suka saɓa, wurin da suka saɓa ɗin shi ne abin tambaya a tasha.

Hattara: daga Play Store za ka sauke, ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin manhajar. Kada ka karɓi wadda wani ya tura maka ta Xender wai ita ce ta kuɗi da aka buɗe kyauta. Haka Google Maps Go da ke zuwa cikin wasu ƙananan wayoyi, ƙaramar siga ce, ba ta yin duk aikin babbar.

Mataki na 3: Sauke taswira tun kana gari

Mutane da yawa sun ɗauka in babu sabis babu taswira. Abin ba haka yake ba. Ɗigon shuɗin nan da ke nuna inda kake daga taurarin ɗan'adam yake samun bayani kai tsaye, ba ya cin data, ba ya neman layi. Abin da ke buƙatar data shi ne zanen hanyar da ke ƙarƙashin ɗigon. In zanen yana cikin wayarka tun farko, ko a tsakiyar daji za ka ga kanka.

Waɗanda suka bi Zamfara a watan Satumba na 2021 sun ga amfanin wannan. Lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni ba kira ba data, wanda ya riga ya sauke taswira wayarsa ta ci gaba da nuna masa Tsafe, Gusau, Bunguɗu, Talatar Mafara, kamar ba abin da ya faru. Wanda bai sauke ba, ɗigo yake gani a kan farin allo.

A Google Maps, taɓa hotonka da ke sama a dama, ka shiga "Offline maps", ka zaɓi "Select your own map". Akwati zai fito. Ja shi ya rufe yankin da kake so, ka danna "Download". Akwati ɗaya ba ya ɗauke tafiyar Kebbi zuwa Legas, sai ka yi uku ko huɗu, kowane ya ɗan hau kan na kusa da shi don kada a samu giɓi. Ka faɗaɗa su hagu da dama, domin ranar da aka karkatar da ku wata hanya, a wajen layin da ka saba za ka tsinci kanka. A OsmAnd kuwa, shiga wurin sauke taswira, ka nemi Najeriya a ƙarƙashin Afirka. Mai zuwa Kamba ko Lolo ya haɗa da gefen Nijar da Benin.

Wannan saukewar ce ke cin data, ɗaruruwan megabait, amma ba kullum ake yi ba. Ita tafiyar kanta abin da take ci a awa guda bai kai na kallon bidiyo na 'yan mintoci ba.

Hattara: kada ka yarda ka sauke sai ka gwada. Sa wayar a yanayin jirgin sama, ka nemi hanya daga inda kake zuwa inda za ka. In ta zana, aiki ya yi. Taswirar Google da aka sauke tana da ranar ƙarewa, ka riƙa leƙawa kana sabuntawa. Ka kuma shiga saitin waya ka ba manhajar izinin sanin ainihin inda kake, ka cire ta daga tsarin tsimin batir, domin wasu wayoyin sukan kashe ta a ɓoye don su ajiye caji.

Mataki na 4: Auna motarka

Ɗauki tef ɗin awo kai da yaronka. Tsayi daga ƙasa zuwa ƙololuwar kaya, ba zuwa saman kan mota ba. Lodin albasa da aka yi wa tozo aka ja tamfol ya fi kan motar tsayi nesa ba kusa ba, kwantena doguwa a kan tirela kuwa takan haura mita 4. Sai faɗi har da madubai, sai tsawo daga bamba zuwa wutsiya. Nauyi kuma na mota da kaya a haɗe: buhun siminti 600 tan 30 ne, ban da nauyin tirelar kanta.

Rubuta waɗannan lambobi a takarda ka manna a dashbod, da mita da kuma ƙafa, tunda wasu alluna da ƙafa suke rubutu. Mita ɗaya ƙafa uku ce da ɗan ɗori.

A OsmAnd tsarin babbar mota a kashe yake zuwa. Shiga saiti, ka kunna wanda aka rubuta "Truck", ka shiga "Vehicle parameters" ka zuba awonka, ka ƙara ɗan rara a kan tsayin. A nan cikin saitin hanya za ka ga inda ake ce mata ta guji hanyar da ba kwalta. Kunna shi.

Hattara: shigar da awo ba ya nufin an ba ka lasin shiga ƙarƙashin duk abin da ta nuna. Allon da ke jikin gada, da idonka, da wayoyin wuta da suka sako a cikin gari, su ne hukunci.

Mataki na 5: Rubuta inda za ka, ka karanta abin da ya fito

Taswira da rubutun Turanci ta fi gane garuruwanmu: Sokoto, Lagos, Yauri. Kuma sunaye suna kama da juna fiye da yadda kake zato. Jega da Jebba harafi kaɗan ne tsakaninsu. Ka fara rubuta Birnin, za ta jero maka Birnin Kebbi, Birnin Gwari, Birnin Kudu, yatsa ya zame ka taɓa na ƙasa. Akwai Koko a Kebbi, akwai Koko a jihar Delta. Yelwa tana Yawuri, tana Filato, tana Bauchi. Ƙaura Namoda daban, Kaura ta kudancin Kaduna daban. Sabon Gari da Tudun Wada kam ba a magana. Duba sunan jihar da ke ƙasan sunan garin, ka duba yawan kilomita ko ya yi daidai da hankali.

Mafi sauƙi, ka ce wa mai karɓar kaya ya tsaya a bakin ƙofar da tirela ke shiga ya turo maka lokeshan ta WhatsApp. Jaddada masa ƙofar. Da yawa daga ofis ko daga gida suke turowa, ka iso ka tarar ƙofar manyan motoci tana bayan layi.

Duba kuma alamar da ke sama, mota ce aka zaɓa ko babur. Yaran mota sukan yi amfani da wayar su bar ta a kan babur, ita kuwa hanyar babur har ta tsakiyar gona takan bi. A zaɓin hanya, kunna guje wa jirgin fito, musamman in tafiyarka ta kusanci kogin Kwara a yankin Yawuri. Kada ka taɓa wanda ke cewa a guji manyan hanyoyi, su muke nema.

Mataki na 6: Kafa mata turaka

In ka tsallake duk sauran, kada ka tsallake wannan.

Manhajar taswira kamar akuya take, in ba a ɗaure ta ba sai ta shiga gonar mutane. Ka ce mata daga Jega zuwa Legas kawai, ita za ta zaɓi hanya, kuma tana iya sauyawa a tsakiyar tafiya in ta hango wadda ta fi sauri da minti goma. Mafi muni, in ka wuce kwana ba ta cewa ka yi kuskure. Shiru za ta yi ta zana sabuwar hanya daga inda kake, ta ci gaba da magana da muryar nan tata mai natsuwa kamar komai lafiya.

Haka ta yi mini wata damina. Mun ɗauko shanshera daga wani ƙauye a bakin fadama, magariba ta yi mana a hanya, ga yayyafi. Na wuce inda ya kamata in karya in hau kwalta, ban lura ba, ita kuma ba ta faɗa ba. Yarona yana riƙe da wayar yana cewa, "Oga, ta ce a miƙe, saura kilomita tara mu hau babban titi." Burji ya ƙare muka shiga jar laka, hanya tana tsukewa har geron gefe yana shafar madubi. Sai fitila ta haska wani dattijo da tocila yana ɗaga hannu. Na tsaya na leƙo, na yi masa sallama. Ya dubi motar tun daga kai har wutsiya ya ce, "Malam direba, ina za ka da wagga mota? Kwalbatin gaba ruwa ya tahi da shi tun shekaranjiya, ko amalanke ba ta hita nan." Na sauka muka taka tare. Bai fi taku arba'in ba daga inda tayar gaba ta tsaya, ga rami ruwa na gudu a ciki. Babu wurin juyawa. Da ribas muka fita, yaro a baya da tocilar baba yana daka mini tsawa, hagu, dama, tsaya. Mun fara bayan isha'i, ba mu ga kwalta ba sai da aka yi kiran assalatu. A wayar kuwa layin nan shuɗi yana nan shar, ya bi ta kan ramin ya wuce.

Ga yadda ake ɗaure ta. Bayan ta zana hanya, taɓa ɗigo ukun da ke sama ka zaɓi "Add stop". Google Maps tana karɓar zango har tara. Kada ka cusa doguwar tafiya a zubi ɗaya, raba ta gwargwadon yininka. Mai gangarawa kudu daga Jega, zubin farko ya sa Koko, Yauri, Kontagora. Na biyu Makera, Mokwa, Jebba, Ilorin. Na uku Ogbomosho, Oyo, Ibadan, har inda zai sauke. Da turaka a jere, ko ta sake lissafi dole ta dawo da kai kan turken da ke gaba.

Hattara, a nan ake yin kuskuren da ya fi yawa: in ka rubuta sunan gari a matsayin zango, tsakiyar garin za ta kai ka, wataƙila ƙofar fada ko cikin kasuwa. Abin yi shi ne ka buɗe taswirar sosai, ka danne yatsa a kan babban titin kansa, ɗan gaba kaɗan da mararrabar da kake so ka bi, har alama ja ta fito, sannan ka sa wannan alamar a matsayin zango. In titin mai hannu biyu ne, ka tabbata a hannunka ka kafa, in ba haka ba za ta sa ka zagaye.

Da ka gama, bi layin da yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Duk inda ka ga ya bar titi mai kauri ya shiga siriri, kunna hoton tauraron ɗan'adam ka duba, kwalta ce ko ƙasa, akwai gada ko mashigin ruwa ne. Hoton yana iya zama na shekarun baya, kuma galibi ba ya nuna halin damina.

Mataki na 7: Kai hanyar tasha a duba maka

Daga Gusau zuwa Birnin Kebbi, in ka kalli taswira, layin da ya ratse ta Anka da Gummi ya fi kama da miƙaƙƙe a kan zagayawa ta Talatar Mafara da Sakkwato. Wacce za a bi yau, da ƙarfe nawa, a ayari ko kai kaɗai, wannan ba a waya ake samunsa ba. Wurin direban da ya fito daga can da safen nan ake ji, da 'yan kamasho, da shugabannin ƙungiya a tasha. Haka hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Tsafe, haka yankin Zuru, haka duk abin da ya kusanci Birnin Gwari. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar jiya ba ta yi wa yau aiki.

Ka fahimci yadda launin cunkoso yake samuwa. Google tana gane hanya ta cushe ne daga wayoyin mutanen da ke kanta. Inda babu sabis, ko babu masu wucewa, ba ta da abin faɗa, sai ta bar layin fes. Mu kuwa mun san hanyar da ta yi tsit ita ce abin tsoro. In ka lura motoci sun daina fitowa daga gabanka, nemi gari ko shingen jami'ai mafi kusa ka tsaya, komai kyan da allon ya nuna.

Tambayi gada ma. A 2017 da gadar Tatabu ta karye tsakanin Mokwa da Jebba, labari a bakin direbobi ya fara yawo. Ka tambayi ranar kasuwar garuruwan da ke bakin titi, da inda ake aikin hanya aka mayar da motoci hannu ɗaya.

Mataki na 8: Gyara lissafin lokaci

Lokacin isa da take nunawa na ƙaramar mota ne. A ƙa'idar hanya ta ƙasa, tirela da tanka kilomita 45 ne a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a babban titi mai hannu biyu. Ɗauki kilomitan da ta ba ka ka raba da 50, sannan ka ƙara lokacin salla, abinci, shingaye da duba taya. Kilomita 300 da za ta ce maka awa huɗu da 'yan mintoci, kai ka sa awa bakwai. Da wannan lissafin za ka san inda magariba za ta same ka, ka zaɓi zangon kwana tun da rana, kuma kada ka yi wa mai kaya alkawari da agogon waya.

Mataki na 9: A kan hanya

Duk wani taɓe-taɓe a gama shi kafin a saki birki. Riƙe waya kana tuƙi laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra ke cin tara a kai, tarar ma ita ce mai sauƙi, tan 40 ba ya tsayawa don ka ɗaga kai a makare. In da abin gyarawa, yaron mota ya yi, ko ka faka. Koya masa matakan nan kamar yadda ka koya masa ɗaure kaya.

Ƙara murya yadda za ta fi ƙarar inji, ko ka haɗa ta da rediyon mota. Da Turanci take magana, amma kalmomin ba su da yawa, hagu, dama, miƙe, sai shataletale da take ƙirga mafita ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Wanda Turancin bai zauna masa ba ya bi kibiyar da ke saman allo da adadin mitocin da suka rage. Ta ce saura mita 300, kai ka fara rage giya tun a 500, domin da birkin ƙaramar mota take lissafi.

In ta ce ta samo hanya mafi sauri, ƙi. In ka wuce kwana, kada ka bi sabon layin, kada kuma ka yarda da juyawar da za ta nuna maka a inda tirela ba ta juyuwa. Ci gaba a kan babban titi har ka sami fili ko gidan mai, ka tsaya, ka duba.

Wani lokaci ɗigon zai yi tsalle ya koma cikin daji ko ya juya baya. Ba ka ɓata ba, siginar ce ta raunana, ba ta 'yan daƙiƙu. In kibiya ta rikice kana tsaye, cire wayar ka juya ta a iska kamar kana zana lamba 8.

Batun raba lokeshan: WhatsApp tana bari a riƙa ganin tafiyarka kai tsaye har awa 8. Tura wa mai mota da mutum ɗaya na gida, shi kenan. Hattara da zuba shi a guruf mai mutum ɗari biyu da ba ka san rabinsu ba, kana ɗauke da kayan miliyoyi a hanyar da kowa ya san halinta. Ajiye 122 ta hukumar kiyaye haɗurra da 112 ta gaggawa a wayar kira, ka kuma riƙe layi biyu na kamfani daban-daban.

Mataki na 10: Shiga gari da wurin sauke kaya

Kilomita goman ƙarshe sun fi ɗari biyar ɗin farko wahala. A cikin gari ne manhaja ta fi son yanke, a nan ne kuma dokokin da ba ta sani ba suka fi yawa. A Legas, dokar zirga-zirga ta jihar ta hana yawon tirela cikin gari tsakanin ƙarfe 6 na safe da 9 na dare, ba a barin manyan motoci su hau gadar Third Mainland, wasu gadojin sama kuma an gindaya musu ƙarfe a baki. Google Maps za ta iya nuna maka kowace daga cikinsu hankalinta kwance. Mai zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ko ta Bodija a Ibadan karon farko ya tsaya a wajen gari, ya kira wanda zai karɓi kaya ko wani direba na gida da ya saba, a faɗa masa ta inda manyan motoci ke shiga da lokacin da ake bari. In lungu ne, a turo yaro a kan babur ya ja gaba. Kuɗin ɗan acaba bai kai na janwe ba.

Da ka shiga lafiya ka kashe mota, kafin ka nemi ruwan alwala, danne yatsa a daidai ƙofar ka adana wurin, ka sa masa sunan da za ka gane: "siton Alhaji, ƙofar baya, a shigo ta gabas". Haka za ka riƙa yi wa gidan man da gas ɗinsa ba gauraye, da mai facin da ke da injin manyan tayu, da bakaniken da ya san motarka, da wurin kwanan da ke da tsaro da masallaci. In kana da OsmAnd, kunna naɗar tafiya tun daga tashi, za ta ajiye ainihin layin da tayarka ta bi. Wannan fayil ɗin za ka iya tura wa direban da zai yi lodin gaba ta WhatsApp, ya buɗe a tasa wayar ya bi sawunka har ƙofar.